Aikin Sa Kai a Ƙungiyoyin Taimakon Yara a Damagaram

Aikin sa kai a ƙungiyoyin taimakon yara shi ne mutum ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa, ba da albashi ba, don kula da lafiyar ƙananan yara ko karatunsu ko tsaronsu, a ƙarƙashin wata ƙungiya mai zaman kanta. A jihar Damagaram (Zinder) ta Jamhuriyar Nijar, aikin ya fi karkata ga yaƙi da tamowa da zazzaɓin cizon sauro, sai kuma kula da marayu da almajirai da yaran titi. Idan aka ce ɗan sa kai, da yawa Bature ke faɗo musu a rai. Amma mafi yawan masu aikin 'yan ƙasa ne, kuma mata ne ke ɗauke da kaso mai nauyi.

Asali

Taimakon yaron da ba naka ba tsohon abu ne a ƙasar Hausa: riƙon maraya, ciyar da almajiri, zakka da gayya duk sun riga ƙungiyoyi zuwa. Abin da ya sauya shi ne tsari, wato rajista da horo da rahoto. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar, wadda aka kafa a 1963, tana cikin waɗanda suka fara tara matasa a wannan siga. Babban sauyin ya zo da yunwar 2005, bayan fari da farin ɗango sun lalata amfanin gonar 2004. Maraɗi da Damagaram da Tawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna, kuma tun wannan shekara ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ke aiki a Magarya, kusa da iyakar Najeriya.

Awon dantse

Tamowa tana tsananta ne daga ƙarshen bazara zuwa damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ga kuma sauro. Aikin wakilin lafiya na gari, wanda ɗan sa kai ne, shi ne ya gano yaron tun bai galabaita ba. Kayan aikinsa wani siririn ma'auni ne mai launi uku da ake zagayawa a tsakiyar dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Kore lafiya lau. Rawaya, tsakanin milimita 115 da 125, tamowa ta fara. Ja, ƙasa da 115, sai a garzaya likita. Yana kuma danna babban yatsa a bayan ƙafar yaron na daƙiƙa uku. In gurbin ya zauna bai ciko ba a ƙafafun biyu, kumburin tamowa ne, ko da awon ya nuna kore.

Yaron da ke iya cin abinci ana ba uwarsa Plumpy'Nut na mako guda ta koma gida: kwaɓin gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da bitamin, giram 92 a leda, ba ya buƙatar ruwa ko wuta. Wanda ya ƙi ci, ko yake da wani ciwo ban da tamowar, shi ake kwantarwa. Bin gida-gida don a tabbatar ledar ta shiga bakin mai ita, ba a raba ta da yayye ba, ba ta kuma ƙare a tiren mai talla ba, wannan ma na ɗan sa kai ne, kuma ya fi awon wuya.

A gundumar Mirya ne ƙungiyar ALIMA da takwararta ta gida BEFEN suka gwada miƙa ma'aunin ga iyaye mata a yankin Dogo, suka kwatanta su da wakilan lafiya na yankin Takeita, daga 2013 zuwa 2014. Iyayen ba su gaza wakilan lafiya ba wajen awo, kuma yaran da suka kawo da kansu sun fi zuwa da wuri. Ba abin mamaki ba ne, tun da uwa ce ke yi wa ɗanta wanka kullum. Daga baya ƙasashe da dama sun ɗauki wannan hanya.

Sauran fannoni

A watannin damina masu sa kai ke bin gidaje wata-wata suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi. A cikin birnin Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiyar kula da yara masu cutar noma, wadda ke farawa daga dasashi ta cinye kumatu da leɓe; a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Baƙi da matsalolin aikin

'Yan sa kai na Peace Corps daga Amurka sun zauna a ƙauyukan Nijar tun 1962, aka janye su a Janairun 2011 bayan sace Faransawa biyu a Yamai. Kisan ma'aikatan agaji a Kure, kusa da Yamai, cikin Agustan 2020 ya ƙara taƙaita zirga-zirgar baƙi. Ko a lokacin zaman lafiya, masana kare yara suna sukar zuwan baƙo gidan marayu na 'yan makonni: yaro ya shaƙu da shi, ya tafi, wani ya zo. Baƙon da ya fi amfani shi ne mai sana'a a hannu, likita ko nas, wanda zai daɗe har ya horar da na gida.

Na gida kuwa matsalarsa guzuri ce. Lokacin da aka fi buƙatarsa shi ne lokacin noman gonarsa, ɗan kuɗin sabulun da ake ba shi kuma yakan tsaya da zarar tallafin ƙungiya ya ƙare, shi ya sa wasu ke ajiye aikin su tafi cin rani Kano ko Agadas. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gwamnati ta ƙara sa ido kan ƙungiyoyin waje. Ta janye izinin ƙungiyar agaji ta Faransa ACTED a Nuwamban 2024, ta kuma sallami kwamitin ƙasa da ƙasa na Croix-Rouge a Fabrairun 2025.