Saƙonka na waya: wa ke iya karantawa, wa ke ɗaukar alhaki?

Shin gwamnati na iya karanta saƙon da na tura wa ɗan'uwana?

A WhatsApp, tun 2016 saƙo kan bar wayarka a kulle, ba ya buɗuwa sai a wayar wanda ka tura wa, kuma ko kamfanin ba shi da makullin. Telegram daban ne: hirar yau da kullum da ta rukuni ba su da irin wannan kulli, sai ka zaɓi hirar sirri da kanka. Amma kada ka saki jiki. Lambar da ka kira da lokacin kiran suna wurin kamfanin layi, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta masa ajiye su har shekara biyu. Sannan kulli ba ya hana ɗan rukuninku ɗaukar hoton saƙonka ya tura gaba.

Doka ta yarda a saurari mutum?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da hirar waya, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita shi saboda tsaro. Dokar 2015 ta ce alƙali ne ke ba da umarnin saurare.

Idan ɗan damfara ya cuci ɗan kasuwa a Kantin Kwari ta manhaja, laifin kamfanin ne?

Wannan ce gardamar da ta kai Faransa ga kama Pavel Durov, mai Telegram, ranar 24 ga Agusta 2024, bisa zargin barin masu laifi suna cin karensu babu babbaka da ƙin ba masu bincike haɗin kai. A watan Satumba kamfanin ya ce zai riƙa miƙa lambar wayar wanda ake zargi idan hukuma ta nema bisa doka. A ganina, tashar Telegram da dubban mutane ke bi kasuwa ce a buɗe. Kamfanin da aka kai wa ƙorafi ya yi kunnen ƙashi, dole ya amsa tambaya.

To me zai hana a ba gwamnati makulli na musamman?

A nan ne ban yarda ba. Ƙofar da aka bari don jami'in tsaro, ɓarawo ma zai gano ta, ya kwashi bayanan bankin ’yan kasuwa da hotunan iyalai. Kuma ita kanta gwamnati na iya wuce gona da iri: mun ga yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 ba tare da umarnin kotu ba.