Rigar Nutso ta Masu Farautar Kifi da Mashi: Zaɓe da Gyara

Rigar nutso tufa ce ta roba mai laushi da ke manne wa jiki, wadda mai shiga ruwa ke sawa don kada sanyi ya ci ƙarfinsa. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce ta masu nutso da numfashi ɗaya, wato waɗanda ba sa goya tukunyar iska, da ta masu farautar kifi da bindigar mashi, waɗanda su ma akasari da iskar ƙirjinsu suke sauka. Ana yin ta da niyofirin, robar da masana a kamfanin DuPont na Amurka suka haɗa a 1930. A farkon shekarun 1950 ne Hugh Bradner, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya, ya gwada ɗinka riga da soson wannan roba, kuma a cikin shekarun nan Georges Beuchat ya fitar da tasa a birnin Marsey na Faransa.

Yadda take riƙe ɗumi

Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska sau kusan 25, shi ya sa ruwan da hannu ya ji da daɗi yake iya sa mutum makyarkyata bayan awa biyu. Niyofirin soso ne cike da ƙananan kumfa na iskar naitirojin, kowanne a rufe, kuma wannan iska ce ke tare ɗumi. Mutane da yawa sun ɗauka ɗan ruwan da ke shiga tsakanin fata da riga shi ne ke ɗumama su. Ba haka ba ne. Jiki ne ke kashe zafinsa wajen ɗumama ruwan, kuma duk lokacin da ya fita wani mai sanyi ya maye gurbinsa, an yi asara. Don haka aikin riga biyu ne: kaurinta ya tare sanyi, zamanta a jiki ya hana ruwa kai da kawowa. Duk wani zaɓe da duk wani gyara a kan waɗannan biyun yake tafiya.

Zurfi yana rage na farkon. Kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar sararin sama guda, wato a mita 10 matsin ya ninka, a mita 20 ya zama uku. Kumfan sai su takure, rigar ta yi siriri, ɗuminta ya ragu, ƙarfinta na ɗaga mutum sama ma ya ragu. Idan an hau sai ta koma yadda take, amma ba ɗari bisa ɗari ba. A hankali a hankali riga mai kaurin milimita 5 da ake yawan kaiwa zurfi takan dawo tana aiki kamar mai milimita 3.

Siffarta

Rigar masu mashi yanki biyu ce, ba ta da zik. Akwai wando, ko dai mai tsayawa a ƙasan ƙirji ko mai hawa har kafaɗa, sannan akwai taguwa mai haɗe da hula, wadda ke da wani harshe a baya da ake zagayowa da shi ta tsakanin cinyoyi a maƙala a gaba. Rashin zik ba rowa ba ce: zik ƙofar ruwa ne, kuma ba ya miƙewa idan ƙirji ya cika da iska. Wando mai kafaɗa ya fi ɗumi domin roba ta ninku a kan ƙirji da baya, sai dai yana ɗan matse numfashi kuma yana buƙatar ƙarin dalma, wato nauyin da ake ɗaurawa a ƙugu don a iya nutsewa. Masu neman zurfi sun fi son mai tsayawa a ƙugu, wasu ma da almakashi suke rage na kafaɗar.

A tsakiyar ƙirjin taguwar akwai matashi mai kauri inda ake dasa gindin bindiga yayin jan robarta. Wanda ya taɓa ɗana bindiga mai roba biyu ba tare da shi ba ya san zafin da ƙashin ƙirji ke sha. Gwiwoyi da gwiwar hannu ma ana ƙarfafa su saboda rarrafe a kan duwatsu. Launin sajewa da ake zana wa rigar, kore ko ruwan ƙasa ko shuɗi, yana da amfaninsa wajen ɓata siffar mutum, amma natsuwar mafarauci ta fi shi tasiri a kan kifi, kuma bai kamata a fifita launi a kan dacewa da jiki ba.

Ciki da baya

Babban bambancin da ke tsakanin riguna yana fuskokinsu biyu. Ta ciki ko dai a lulluɓe ta da yadin nailan, ko a bar ta tsirara. Tsirarar ana samun ta ne ta hanyar feƙe allon soson, sai kumfan da wuƙa ta ratsa su zama dubban ƙananan ramuka masu tsotsar fata. Kumfan da ke can cikin naman robar a rufe suke, ruwa ba ya ratsa su. Wannan mannewa ce ta sa riga mai tsirarar ciki ta fi mai yadi ɗumi nesa ba kusa ba, kuma ta fi ta miƙewa. Farashin da ake biya shi ne rauni: farce ɗaya ya isa ya tsaga ta, kuma ba ta shiga jiki a bushe.

Ta waje ma haka. Baya mai yadi yana jure gogar dutse da kaifin kifi, shi ne ya dace da mafarauci. Baya mai sulɓi, wanda ba shi da yadi, yana ratsa ruwa cikin sauƙi kuma yana bushewa nan da nan a cikin iska, shi ya sa masu gasar zurfi da masu daɗewa a kan kwale-kwale a lokacin sanyi ke son sa. Amma riga mai sulɓi a waje da tsirara a ciki ba ta da wani zare da zai riƙe ta, ja ɗaya na garaje zai raba ta biyu. Wanda bai saba ba, sai ya fara da mai yadi a waje.

Robar kanta iri-iri ce. Yamamoto da Heiwa na Japan da Sheico na Taiwan suna cikin sanannun masu yin allunan da ake yanka riguna daga gare su. Mai laushi sosai ta fi daɗin sawa da numfashi amma ta fi saurin lotsewa a zurfi, mai tauri kuwa ta fi daɗewa.

Kauri da awo

A ƙiyasce, milimita 1.5 zuwa 2 na ruwan da ya haura digiri 26 a ma'aunin Salshiyas ne, milimita 3 na tsakanin 22 da 26, milimita 5 na tsakanin 16 da 22, milimita 7 na abin da ya yi ƙasa da haka zuwa wajen 10. Wannan mafari ne kawai. Siririn mutum ya fi mai jiki jin sanyi, kuma mafaraucin da ke kwanto a ƙasa ba motsi ya fi mai yawan iyo buƙatar kauri. A wurare da dama ruwan ƙasa ya fi na sama sanyi da digiri da yawa, sai a yi lissafi da na ƙasan. Ana iya haɗa taguwa mai milimita 5 da wando mai 3, tunda ƙirji da kai ne suka fi muhimmanci.

Awo ya fi kauri muhimmanci. Rigar ta kwanta a jiki ko'ina, ba aljihun iska a hammata, ko a kwarin baya, ko a bayan gwiwa. Bakin hula ya zauna tsakanin leɓen ƙasa da haɓa, ya rufe goshi ba tare da ya ture gilashin nutso ba. Sannan a ja numfashi mai zurfi har ƙirji ya cika, a ɗaga hannaye sama. Idan rigar ta hana wannan, ta yi kaɗan, kuma ga mai nutso da numfashi ɗaya wannan aibi ne babba. Wanda jikinsa bai dace da lambobin kanti ba, gara ya ba da awonsa a ɗinka masa, kamar yadda kamfanonin Italiya irin su Elios da Polosub ke yi.

Abubuwa biyu na tsaro suna tafiya da sabuwar riga. Na farko dalma: duk sauyin kauri yana buƙatar sake awon nauyi. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce mutum ya tsaya cak, ba sama ba ƙasa, a wajen mita 10, kuma a saman ruwa ya ci gaba da yawo a kan ruwa ko da ya saki numfashinsa. Suma ta ƙarancin iska ta fi faruwa a mitocin ƙarshe na hawa, kuma wanda ya yi wa kansa nauyi nutsewa zai yi. Ɗamarar dalmar ta zama ta roba, mai kwancewa da hannu ɗaya, kuma ba a nutso ba abokin da ke kallo. Na biyu kunne: hula mai mannewa tana iya toshe kunne ta hana matsi daidaita, har dodon kunne ya ji rauni. Ana ɗaga gefen hular a bar ruwa ya shiga kafin sauka, wasu kuma suna huda ɗan ƙaramin rami daidai kowane kunne.

Sawa da adanawa

Yawancin tsagewa wajen sawa da cirewa suke faruwa, ba a cikin ruwa ba. Ana zuba cokali ɗaya ko biyu na kwandishanan gashi ko sabulu mai sanyi a cikin litar ruwa, a girgiza, a zuba cikin rigar, a toshe bakunanta a jujjuya har ko'ina ya jiƙe, a shafa wa jiki ma. Daga nan sai a zura ƙafa ko hannu ya sulale da kansa. Ana turawa da tafin hannu, ba a tsunkule da yatsu, kuma a yanke farce tukuna. Basilin da duk wani mai na fetur suna lalata roba da gam.

Bayan fitowa a ɗauraye ta da ruwan daɗi mai sanyi ko ɗumi-ɗumi, a juya cikinta waje ya bushe a inuwa, sannan a mayar. Rana tana busar da robar har ta fara tsattsagewa, ruwan zafi yana sassauta gam, siririn hanga yana huda kafaɗa, ninkewa ƙarƙashin kaya mai nauyi kuma yana barin layin da ba ya tashi.

Gyara

Kayan aikin kaɗan ne: gam na niyofirin, ɗan buroshi ko tsinke, almakashi ko reza mai kaifi, auduga da sifirit na gogewa, zaren foliyesta mai ƙarfi, allura mai lanƙwasa, da guntayen tsohuwar riga. Gam ɗin irin wanda ake shafa wa ɓangarori biyu ne a bari ya sha iska kafin a haɗa, kuma bayan ya bushe yana miƙewa tare da rigar. Gam mai kamawa nan take bai dace ba, domin yana ƙanƙarewa kamar gilashi, sai robar ta sake yagewa a gefensa. Tururin gam ɗin yana kama wuta kuma yana hawa kai, a yi aikin inda iska ke wucewa.

Yankan farce, wanda bai huda ba, shi ne ya fi yawa. A tabbata rigar ta bushe sarai, babu gishiri ko sauran sabulu, domin su ne ke hana gam ci. A lanƙwasa wurin har bakin yankan ya buɗe, a goge shi da sifirit. A shafa gam siriri a fuskokin biyu na cikin yankan, a bar shi a buɗe kamar minti 5. A ƙara shafi na biyu a jira kamar minti 10, har ya zama idan an taɓa yana ɗan danƙo amma ba ya bin yatsa. Sai a saki lanƙwasar, a haɗa bakunan daga wannan ƙarshen zuwa wancan, a matse su na minti ɗaya ko biyu. Dama ɗaya ce, domin da zarar sun taɓa juna sun kama. A bar rigar ta kwana kafin ta ga ruwa. Kuskure biyu ke ɓata wannan aiki: gaggawar haɗawa gam yana jiƙe, wanda ke kulle ruwan gam a ciki ya bar haɗin da taushi, da labta gam da yawa, wanda ke yin ƙullutu mai goge fata.

Yagewar da ta ratsa daga ciki zuwa waje haka ake yi mata, baki da baki, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya. Idan bayan mai yadi ne, bayan gam ya bushe sai a ƙarfafa da ɗinkin da ba ya hudawa: allura ta shiga ta yadin, ta ratsa abin da bai kai rabin kaurin robar ba, ta fito ta ɗaya gefen. Tazarar milimita 3 zuwa 4 ta isa, kuma kada a ja zaren da ƙarfi. Fuskar da ba ta da yadi ba a ɗinka ta ko kaɗan, zare yanka ta zai yi. A ɗiga gam a kan ƙullin farko da na ƙarshe don kada su warware. Haɗin da ya buɗe a hammata ko a tsakanin cinyoyi ma haka ne, sai dai a fara kankare tsohon gam, kuma a tsayar da zaren asali da ya soma zarewa.

Inda nama ya fita gaba ɗaya, sai toshi. A gyara ramin ya zama zagaye ko mai siffar ƙwai, domin kusurwa ce mafarin sabuwar yagewa. A yanko guntu mai kauri iri ɗaya, ya ɗan fi ramin da kamar milimita ɗaya, a shafa gam sau biyu a gefunan duka, a dasa shi daidai da fuskar rigar, sannan a ɗinka ta wajen yadi. Wuraren da ke shan guga, kamar gwiwa da yatsun safar hannu, sun fi son gam na yuretan irin su Aquaseal, wanda ake shimfiɗawa a sama ya bushe cikin awa 8 zuwa 12. Yana da juriya amma ya fi niyofirin tauri, don haka ba a sa shi a ciki ko a inda riga ke yawan miƙewa. Facin da ake mannawa da dutsen guga na fuskar yadi ne kawai, da zafi kaɗan da takarda a tsakani.

Harshen taguwa yakan yage a gindin maƙalinsa saboda ja. Ana manna masa guntun roba mai yadi ta baya kafin a mayar da maƙalin, don nauyin ya bazu.

Akwai lalacewar da gam ba ya magani. Idan robar ta lotse a kafaɗu da gwiwoyi har ana jin siririntarta tsakanin yatsu biyu, ko ta bushe tana fashewa da an lanƙwasa ta, kumfanta sun mutu. Irin wannan riga sai a mayar da ita ta ruwan ɗumi, ko a yanka wuraren da suka rage da kyau a ajiye don faci.