Jinyar Ciwon Dajin Ƙwaƙwalwa a Arewacin Kamaru

Ingancin rayuwar mai ciwon dajin ƙwaƙwalwa shi ne gwargwadon yadda yake iya ci, barci, magana, ibada da hulɗa da iyalinsa alhali cutar na jikinsa. Masana kan haɗa shi da halin mai jinyarsa, domin ƙari a ƙwaƙwalwa yakan taɓa hankali da ɗabi'a, har ta kai wani ne ke magana da yanke shawara a madadin majinyacin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa irin wannan ƙari mataki 1 zuwa 4. Mafi muni shi ne gilayobilastoma, na mataki na 4, wanda ko an yi tiyata da gashi (haska ƙarin da na'ura don kashe ƙwayoyin dajin) da maganin temozolomide, rabin masu shi ba sa wuce kamar wata 15. Shi ya sa sauƙin da majinyaci zai samu a sauran kwanakinsa yake da nauyi daidai da maganin.

Ana auna halin majinyaci da ma'aunin Karnofsky, daga 100 zuwa 0: mai 70 yana kula da kansa amma ba ya iya sana'a, mai 50 kuwa sai da mataimaki sosai. Akwai kuma takardar tambayoyi 30 ta EORTC, ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai, da ƙarin 20 na masu ciwon ƙwaƙwalwa, sai ma'aunin Zarit mai tambaya 22 da ke duba wahalar mai jinya. A Garwa da Marwa, biranen arewacin Kamaru, inda likita ke aiki da Faransanci, majinyata da yawa kuma Fulatanci ko Hausa suke ji, amsoshin kan bi ta bakin tafinta, kuma wanda aka tambaya yaya jiki a gaban 'yan'uwa, “da sauƙi” zai ce ko da kansa na sarawa.

Cutar takan fara da ciwon kai mai tsanani da safe, amai, farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki. Idan mutum mai kunya ya koma zage-zage ko ya manta sunan 'ya'yansa, gida kan ce iska ce ko sammu, a yi ta ruƙiyya da rubutu kafin a kai ga hoton ƙwaƙwalwa. In an gano, gashi kan sa a nufi kudu: mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wasu har Duwala. Gashin yakan ɗauki kamar mako 6, kuma kuɗin masauki da abinci daga aljihun dangi suke fita, ta hanyar adashe, karo-karo ko sayar da dabba.

Mai jinya galibi mata ce, uwa ko 'ya. Ita ke kwana kan tabarma a gefen gado, ta juya shi don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ta yi masa fifita a zafin watan Afrilu, ta riƙe lokacin maganin farfaɗiya. Maganin dexamethasone na rage kumburin ƙwaƙwalwa, amma yana kumbura fuska, ya hau da sukari, ya hana barci, sai rashin barcin ya zama na mutum biyu.

Gamsuwar iyali da kulawa ta dogara sosai ga bayani: a gaya musu gaskiyar ciwon da harshen da suke ji, a nuna musu su kwantar da shi a gefe in farfaɗiya ta tashi, kada a cusa masa cokali a baki, a kuma samar da mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, idan zafin ciwo ya yi tsanani.