Daga kansila zuwa ciyaman: amsoshin da na gaji da maimaitawa

INEC ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi?

A'a. Hukumar zaɓe ta jiha ce, kamar KANSIEC a Kano. A Abuja kaɗai INEC ke yi, a ƙananan hukumominta shida.

Ana tashi daga ƙaramar hukuma a kai wani matsayi?

Nyesom Wike ciyaman ɗin Obio/Akpor ne daga 1999 zuwa 2007, ya zama gwamnan Ribas a 2015, ministan Abuja a 2023. Dikko Radda ma ya riƙe Charanchi kafin ya hau kujerar gwamnan Katsina. Amma ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar, kujerun gwamna 36. Ka yi lissafin da kanka.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, sai na ajiye aiki kafin in tsaya takara?

Malam, nan ne mutane ke cutar kansu. Shiga jam'iyya ba laifi ba ne, tun 2003 Kotun Ƙoli ta ce ma'aikaci na da wannan 'yanci, a shari'ar INEC da su Balarabe Musa. Takara kuma daban. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce mai neman majalisa ko gwamna ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe, amma na kansila da ciyaman dokar jiharka ce ke faɗa, kuma ba duka jihohi suka yi daidai ba. Jam'iyya ma na iya neman takardar murabus tun wurin tantancewa. Ka nemo dokar, ka kai wa lauya. Sannan ka duba shekarun aikinka: in saura kaɗan ka yi ritaya, ni dai da na haƙura, don wanda ya ajiye aiki sannan aka yi masalaha aka ba wani tikiti, ba kujera ba albashi. In kana da sana'ar da za ta riƙe iyali, to, bismilla.

Kantoma da ciyaman ɗaya ne?

Haba! Ciyaman zaɓaɓɓe ne, kantoma gwamna ne ya naɗa shi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta haramta riƙon ƙwarya, ta ce a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Wa zan fara ganawa da shi in na ci?

Ma'aji da daraktan ma'aikata. Kafin ka zo suna nan, kuma su suka san inda kowane fayil yake.