Marubutan littattafan soyayya a Damagaram

Marubutan littattafan soyayya a Damagaram su ne masu ƙaga labaran so, aure da zaman iyali da harshen Hausa a birnin Damagaram na Jamhuriyar Nijar, wanda takardun hukuma ke kira Zinder, da garuruwan da ke kewaye da shi irin su Mirya, Matamaye da Magarya. Galibinsu mata ne: ɗalibai, matan aure, malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Aikinsu reshe ne na adabin da ya tsiro a Kano, sai dai reshen ya fitar da nasa ganye, domin ƙasar da ya shiga tana da nata boko, nata kuɗi da nata salon magana. Kusan duk abin da ya shafi wannan sana'a a cikin gida yake faruwa. A nan ake rubutu, a nan ake talla, daga nan kuma ake samo abin da za a rubuta.

Asali

A shekarar 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa ƴan kasuwa, sunaye irin su Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suka zaga ƙasar Hausa. Masana suka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da marubuta da dama ba su yi na'am da shi ba.

Tsakanin Damagaram da Kano kimanin kilomita 240 ne, alhali zuwa Yamai ya kusa 900, kuma hanyar Kano tsohuwar hanyar fatake ce tun kafin zuwan Turawa. Motocin da ke ɗauko atamfa, robobi da kaset ta Daura, Ɗan Barto da Matamaye su ne suka ɗauko littattafan. Littafi guda kan zaga gidaje da yawa ta hanyar aro ko haya har bangonsa ya cire a ɗinke shi da zare, wadda ta iya karatu ta karanta a bayyane, sauran matan gidan suna tsince shinkafa suna saurare. Birnin Damagaram, wanda shi ne fadar mulkin mallakar Nijar har 1926, yana da nasa manyan marubuta tun da can: André Salifou da Abdoulaye Mamani sun yi suna da Faransanci, malaman zaure kuma suna da waƙoƙinsu na ajami. Labarin soyayya da Hausar boko ta wata ƙofar daban ya shigo, wato ta kasuwa da ɗakunan mata.

Harshe da ƙa'idar rubutu

Nan ne babban bambanci tsakanin marubuciyar Damagaram da takwararta ta Kano. Yarinyar da ta shiga lakwal, wato makarantar boko, a Nijar da Faransanci aka koya mata haɗa baƙi da wasali, don haka in ta tashi rubuta harshen da ta sha a nono sai hannunta ya bi abin da ya saba: ta sa "ou" a gurbin "u", "ch" a gurbin "sh", "tch" a gurbin "c". Wannan ne ya sa ake ganin "tchikin" da "kouana" a saƙonnin waya. Da yawa daga cikin marubutan daga littattafan Kano suka koyi ƙa'idar Hausa, ba malami ba allo, sai kwaikwayo da gyaran ƴan uwa marubuta. Duk wanda ya san wahalar raba "ya yi" da haɗe "yana" ga wanda ba a taɓa koya masa ba, zai ga girman wannan ƙoƙari.

Ba wai ƙasar ba ta da tsari ba ne. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubutun harshen, wadda ke amfani da harafin ƴ a inda Najeriya ta saba da 'y. Sai dai makarantun da ke bin wannan tsari kaɗan ne idan aka gwada da masu Faransanci zalla. Dokar sake gina ƙasa ta watan Maris na 2025 ta mayar da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma marubutan Hausa na cikin waɗanda wannan mataki ya fi shafa kai tsaye.

Sai batun kalmomi. A Damagaram malamin boko mushe ne, asibiti likita ne, babur na haya kabu-kabu ne, jarrabawa kuma birbe ce da bak. Mai karatu a Katsina ko Zariya kan tsaya cak in ta ga an ce budurwa ta ƙyasa mushe. Saboda masu saye sun fi yawa a Najeriya, wasu marubutan kan kwashe labarin gaba ɗaya su kai shi Kano ko Abuja, garuruwan da wataƙila ba su taɓa kwana ba, su cika bakin taurarinsu da Ingilishi. Wasu kuwa sukan tsaya a gida, su sa saurayi ya zo zance a lungunan tsohuwar unguwar Birni, a yi sayayyar lefe a Kasuwar Dole, a yi hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, sannan su bayyana baƙuwar kalma a cikin zancen kansa. Labaran kashi na biyu sun fi rai nesa ba kusa ba, domin marubuciya ta san ƙamshin wurin da take magana a kansa.

Yinin marubuciya

Ba kasafai ake samun wadda rubutu kaɗai ne aikinta ba. Bayan sallar asuba akwai abin kari da shirya yara. Akwai kuma ruwa, wanda tsohuwar matsala ce a wannan birni da ke zaune a kan duwatsu: in famfo ya kawo cikin dare dole a tashi a cika bido, wato jarka, da randa, in bai kawo ba a jira ɗan garuwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, waya ta yi zafi a hannu, in an ɗauke wuta kuma sai faifan sola ko shagon caji. Saboda haka lokacin rubutu biyu ne a mafi yawan gidaje: ɗan tsakanin azahar da la'asar in gida ya yi tsit, da bayan isha'i in yara sun kwanta.

Da ana cika littafin makaranta da biro, a kai wa mai kwamfuta ya buga. Yanzu da manyan yatsu biyu ake rubuta labari mai ɗaruruwan shafuka a kan waya. Mace na zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafa a miƙe, jariri ya yi barci a cinyarta, hasken waya kaɗai ke fuskarta. Ta goge jimla ta sake, ta ɗaga kai ta amsa sallamar maigida, ta tashi ta kai masa tuwo, ta dawo ta tarar zancen da ta sa wa uwar miji a baki ya gudu daga kanta. Abin da ake kira shafi a wannan duniya ba shafin takarda ba ne, kashi ne na labari da ake saki kullum ko bayan kwana biyu, kuma masu karatu sun san sa'ar fitowarsa kamar yadda suka san sa'ar labarun rediyo.

Da yawa ba sa sa sunansu na yanka. Sukan yi alkunya da sunan ɗa, a ce Maman wane ko Ummu wance, wani lokaci don kunya, wani lokaci don sharaɗin da miji ko iyaye suka gindaya. In azumi ya kama, al'ada ce a ajiye labarin soyayya sai bayan sallah.

Tallar littafi

Tallar zamani ta ginu ne a kan ɗanɗano. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta a Facebook, Wattpad da zaurukan WhatsApp, ta ja labarin har inda zuciya ta rataya, misali daren da amarya ta gano wanda aka ɗaura mata, sai ta tsaya ta ce daga nan sai wanda ya biya. Wadda ta biya a sa ta a zauren musamman. A can ne ake sharhi, kuma sharhin nan shi ne rabin ladan aikin. "Anti, don Allah kar ki raba su," in ji wata. "Tanti, Allah ya ƙara basira, amma yau kin sa ni kuka," in ji wata. Marubuciya ta amsa da "Ƙanwata, ki dai yi haƙuri, komai na tafe." Wani lokaci matsin masu karatu kan sauya ƙarshen labari, abin da marubucin takarda bai taɓa fuskanta ba, kuma ba kullum ne sauyin ke yi wa labarin kyau ba.

Karɓar kuɗi yana da nasa ƙulli. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5, don haka in an ce dala ɗari sefa 500 ake nufi, jika kuma sefa 1000. Masu karatu na gida kan tura ta kamfanonin aika kuɗi irin su NITA, Amana ko Airtel Money, wasu su aiko da katin waya. Na Najeriya kuwa da naira suke biya, sai marubuciya ta nemi ƴar uwa ko aminiya mai asusun banki a Kano ko Daura ta riƙa karɓar mata. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta rage abin da ke isowa hannu in an canza shi zuwa sefa. A shekarar ce kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, zirga-zirgar littafin takarda ta yi wuya, cajin waya ma ya zama aiki.

Babban ciwon masu wannan sana'a shi ne fitar da littafi. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe shafukan, kafin gari ya waye sun zaga zauruka goma kyauta. Wasu ma har su haɗa labarin su karanta shi a YouTube ba da izini ba. Shi ya sa kusan kowane shafi ke buɗewa da gargaɗi da "ban yafe ba". Manhajoji irin su ArewaBooks sun rage ɓarnar, amma biya ta cikinsu ya fi sauƙi ga mai asusun naira.

Akwai sauran hanyoyi. Ƙungiyoyin marubuta na intanet, waɗanda ke haɗa ƴan Nijar da ƴan Najeriya a zaure guda, suna tallata wa juna suna gyara wa juna rubutu. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suna kai muryar marubuci ga wanda bai iya karatu ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, ta buɗe wata ƙofa, kuma da Amira Souley ta Maraɗi ta zo ta ɗaya a 2022 da labarin Garar Biki, marubutan Nijar sun ga cewa Hausarsu na iya tsayawa a gaban kowa. Buga littafi a takarda yana nan da darajarsa, sai dai tsada ta sa ya zama abin da ake yi don suna da tarihi fiye da riba.

Kallon jama'a

Tun farko akwai masu zargin littattafan da ɓata tarbiyya, har a Kano aka ƙona wasu a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Zargin bai rasa tushe ba, domin akwai masu rubutun batsa don neman kasuwa, kuma marubutan kansu ne suka fi kowa yaƙar su. Amma wanda ya karanta da idon adalci zai tarar da auren dole, zaman kishi, sakin wulaƙanci, cire yarinya daga makaranta da halin matar da mijinta ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ya bar ta da yara. Abubuwa ne da mace ba ta cika samun wurin faɗarsu a bainar jama'a ba.

Sana'o'in cikin gida

Abin da marubuciya ke yi da hannunta in ta ajiye waya yana da wuyar rabuwa da rubutunta. Na farko shi ne turaren wuta da humra, sana'ar da Damagaram ta gada ta maƙwabtakarta da Barebari. Ana wanke itacen, ko hawi ne ko sandal ko gabgab, a shanya shi ya bushe sarai. A narka sukari a tukunya har ya yi danƙo, a juye itacen a yi ta juyawa a kan wuta marar ƙarfi, a sauke, a zuba madarar turare da miski da dakakken farce tun da sauran ɗumi, sannan a toshe a kwalba a ba shi kwanaki ya kama jikinsa. Wadda ta yi wannan da hannunta ba ta cewa ɗakin amarya "yana ƙamshi" ta wuce. Za ta faɗi abin da aka ɗora a kasko, da yadda hayaƙin ya kama labule.

Haka alkaki, wanda Damagaram ta yi suna a kansa: a ɓarza alkama, a murza ta da mai, a kwaɓa da ɗan tsami a bar ta ta kwana, a naɗa, a soya, a tsoma a zuma ko narkakken sukari. Shi da nakiya da dubulan su ne ƙashin bayan gara, gara kuwa ba ta rabuwa da labarin aure. Akwai masu zanen lalle ja da baƙi, masu kitso, masu ɗinkin hula da saƙar kayan jarirai, da masu kiwon ƴan awaki ko tantabaru a bayan ɗaki. Zaman kitso da na lalle sa'o'i ne ana hira, kuma labarai da yawa daga irin wannan zama suka samo tushe, bayan an sauya suna da unguwa don rufin asiri.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar da littafin suna ɗaukar juna. Zauren masu karatu kasuwa ce a shirye, don haka a ƙasan shafi ake ganin tallar humra, kayan gyaran amarya ko atamfa, na marubuciyar ko na wata da ta biya kuɗin talla. Ribar turare ta sayi mega, wato datar intanet, littafi kuma ya kawo mai sayen turare daga Agadas ko Diffa wadda ba ta taɓa ganin fuskar mai shi ba. A lokutan da bukukuwa suka yi yawa, musamman gab da azumi da bayan sallah, aikin hannu kan rinjayi alƙalami, shafi ya yi kwana uku bai fito ba, sai masu karatu su wayi gari da ɗan gajeren saƙo: "Ƴan uwa ku yi mini afuwa, alkakin gara nake soyawa, sai jibi in Allah ya kai mu."