Waiwaye: yadda aka yi ta sauya maganin maruru da kumburin fata

Da penicillin ya shigo asibitoci a shekarun 1940, an ɗauka an gama da ƙwayar Staphylococcus aureus mai haddasa maruru. Ba a jima ba ta bijire masa. Aka kawo methicillin, shi ma a 1961 aka samu nau'in da ba ya jin sa a Ingila, wanda ake kira MRSA. Shekaru da dama wannan nau'in bai cika fita daga asibiti ba, don haka wanda ya zo daga gida da ciwon fata, cephalexin ko cloxacillin kan ishe shi.

Lamarin ya juya a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da MRSA ta shiga gari a Amurka. Wani bincike da aka buga a 2006 ya nuna ita ce ke bayan kashi 59 cikin 100 na ciwukan fata masu mugunya a sassan gaggawa na asibitoci 11. Likitoci suka koma ga tsofaffin magunguna, co-trimoxazole (wato Septrin) da clindamycin, ba tare da hujjar wanne ya fi ba. Sai a 2015 aka gwada su kan mutum 524, aka ga kusan ɗaya suke.

Sauran gardama ita ce: in an tsaga maruru an fitar da mugunya, akwai buƙatar shan magani kuwa? Gwajin 2017 kan ƙananan maruru ya amsa. Kashi 83 sun warke da clindamycin, kusan 82 da Septrin, 69 da ƙwayar da babu magani a cikinta. Clindamycin ya rage dawowar ciwon, amma ya fi sa gudawa. A 2017 ɗin kuma aka gano cewa kumburin fata marar mugunya, ƙara Septrin a kan cephalexin bai ƙara waraka ba.

Abin da ke damuna shi ne a kwaso wannan sakamako a ɗora shi a kanmu kai tsaye. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, Staphylococcus da yawa ba sa jin Septrin, ga shi kuma ana sayensa a kyamis ba takardar likita, kamar yadda ake sayen Ampiclox. Maruru da ya nuna, tsagawa a asibiti ce kan gaba. Zaɓin ƙwaya kuwa sai an duba abin da ƙwayoyin cutar yankin ke ji.