Mece ce "lumen" da ake rubutawa a kwalin ƙwan LED?

Idan ka shiga shagon kayan wuta ka ce a ba ka ƙwai mai haske sosai, mai shago zai tambaye ka, "Alhaji, mai watt nawa?" Haka muka saba tun zamanin ƙwan nan mai zare a ciki, wanda in ya jima a kunne ba ka isa ka taɓa shi ba. To amma watt ma'aunin wutar da ƙwai ke ci ne kawai. Abin da ke auna hasken da yake fitarwa shi ne lumen, wanda ake taƙaitawa da "lm" a jikin kwali. Kalmar daga harshen Latin take, ma'anarta haske.

A da can watt na iya zama manuniya, don duk ƙwayayen iri ɗaya ne. Mai watt 60 yana ba da kimanin lumen 800, mai watt 100 kuma wajen 1,600. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suke ci zafi take zama, shi ya sa ɗaki ke ɗaukar ɗumi. Da LED, wato ƙwan zamani marar zare mai cin wuta kaɗan, ya zo sai lissafin ya canza: ƙwan LED mai watt 9 ko 10 yana ba da lumen 800 ɗin nan. Wannan fasaha ba ƙarama ba ce, domin a 2014 an ba masana kimiyya uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, kyautar Nobel saboda ƙirƙiro LED mai shuɗin haske, wanda daga gare shi ake samun farin hasken da muke amfani da shi yau.

Inda na fi ganin amfanin sanin wannan kalma shi ne a garejin gida. Yawanci ƙwai ɗaya tal ake maƙalawa a tsakiyar silin, kamar an yi don sauke nauyi. Da magariba ka buɗe bonet za ka duba mai, bonet ɗin ya tare hasken, kai ma inuwarka ta rufe injin, ƙarshe sai ka ga mutum ya danne waya da haɓa yana haska tocila yana laluben sifana.

Lumen yana da ɗan'uwa da ake kira lux. Shi lux yana nuna yawan hasken da ya sauka a wuri: lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya shi ne lux ɗaya. Ɗauki gareji mai tsawon mita 6 da faɗin mita 3, wato murabba'in mita 18. Idan ajiye mota kawai ake yi, lux 100 ya wadatar, kenan lumen 1,800. Idan kuwa a nan kake 'yan gyare-gyare, kana canza taya ko kwance janareta, nemi lux 300, wato lumen 5,400. Dogon ƙwan LED mai ƙafa huɗu, mai watt 18, yakan ba da tsakanin lumen 1,600 da 2,000. Guda uku sun kusa biya maka buƙata da watt 54 kacal, abin da a da sai ka kunna masu watt 100 uku ko huɗu. Mai inbata da batir ya san bambancin nan a jikinsa. Ƙara kaɗan a kan lissafin ma ya fi, don bangon da ba a yi wa fenti ba yana shanye haske, farin bango kuwa yana mayar da shi.

Kada a tara lumen ɗin duka a wuri guda. A sa dogayen ƙwayayen a gefe da gefen inda mota ke tsayawa, ɗaya kuma a saman teburin aiki ko daidai gaban mota, yadda haske zai shigo ta ɓangarori daban-daban ya kashe inuwa.

Akwai wata lamba a kwali mai harafin K, kamar 2700K ko 6500K. Ita launin haske take nunawa, ba ƙarfinsa ba. Ta 2700K tana da ɗan ruwan ɗorawa irin na tsohon ƙwai, ta 6500K fara ce fat har da ɗan shuɗi-shuɗi. Mutane da yawa na ɗauka mai farin ya fi haske, alhali ido ne ke ruɗarsu. Ni dai a gareji na fi son 4000K zuwa 5000K, don ana bambance jar waya da ruwan ƙasa ba tare da ido ya gaji ba.

In ka ga kwali an rubuta watt da manyan lambobi amma babu lumen ko'ina, ajiye shi ka nemi wani. Ka kuma duba ko akwai IP65, alamar cewa ƙura ba ta shiga cikinsa, feshin ruwa ma ba ya yi masa illa. Duk da haka, lokacin hunturu ƙura na kwanciya a jikin gilashin ta waje ta rage hasken, sai a kashe wuta a goge shi da busasshen tsumma.